Farfesan da ya tayar da ƙura a fanninsa: fashin baƙi kan aikin Walter Mischel

A shekarar 1968 wani malami a jami'ar Stanford ta Amurka, Walter Mischel, lokacin yana ɗan shekara 38, ya fitar da littafi mai suna Personality and Assessment, kuma daga nan hankalin abokan aikinsa bai sake kwanciya ba har kusan shekara ashirin. Mutumin nan fa fanninsa kenan, nazarin hali da ɗabi'ar ɗan Adam, da shi yake cin abinci, amma sai ga shi ya miƙe yana ce wa ƴan uwansa masana ku dakata, abin nan da muke ta aunawa muna kiransa hali bai cika gaya mana abin da mutum zai aikata gobe ba. Mu dai mun tashi muna jin ana cewa hali zanen dutse, to masana fannin a Turai da Amurka ma kusan a kan haka suka gina aikinsu, cewa mai gaskiya mai gaskiya ne a gida da kasuwa da ofis, mai faɗa kuma ko ina ka ajiye shi faɗan zai yi. Mischel bai ce babu hali ba, wannan shi ne abin da aka fi yi masa gurguwar fahimta a kai, cewa ya yi ba a inda muke nemansa yake ba. Kuma in ka bi tarihin aikinsa daga farko har ƙarshe za ka ga magana ɗaya ce yake ta juyawa sama da shekara sittin.

An haife shi a Biyena babban birnin Ostiriya a 1930, iyayensa Yahudawa ne. A 1938 da Jamus ta Hitila ta haɗiye ƙasar sai suka tsere yana ɗan shekara 8, daga baya suka zauna a unguwar Brooklyn a New York cikin ƙuncin rayuwa. Ya yi digirin farko a jami'ar New York, ya yi na biyu a City College, a tsakanin nan kuma ya yi aikin kula da matasa a unguwannin talakawa na birnin. Inda aka gina masa tunani shi ne jami'ar jihar Ohio, inda ya kammala digirin digirgir a 1956 a hannun malamai biyu, George Kelly da Julian Rotter. Shi Kelly koyarwarsa ita ce in kana son fahimtar mutum to ka fara gane yadda shi da kansa yake fassara abin da ke faruwa da shi, shi kuwa Rotter cewa yake abin da mutum zai yi ya danganta da abin da yake sa ran samu da kuma darajar abin a wajensa. Riƙe waɗannan biyun, domin duk abin da Mischel ya yi daga baya akwai hannunsu a ciki.

Tun a shekarun 1950 ya je tsibirin Trinidad, can ya tarar da al'umma biyu suna zaune gefe da gefe, jikokin ƴan Afirka da jikokin ƴan Indiya, kowa yana da abin da yake faɗa a kan ɗan uwansa, waɗannan su ce waɗancan ba su san tattali ba, waɗancan su ce waɗannan ba su san jin daɗin rayuwa ba. Sai ya shiga makaranta ya ba yara ƴan shekara 7 zuwa 9 zaɓi, ƙaramar alewa yanzu ko babba bayan mako guda. Ya samu bambanci tsakanin ɓangarorin biyu, amma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne yaran da babu uba a gidansu sun fi karɓar ƙaramar nan take, kuma fassarar da ya yi ita ce maganar yarda ce, yaron da bai saba ganin babban mutum ya yi alkawari ya cika ba me zai sa ya yarda cewa wannan baƙon zai dawo mako mai zuwa? An buga wannan a 1958. Tun a aikinsa na farko kenan haƙurin yaro ya fito ɗaure da yanayin da yaron yake ciki.

Bayan shekara biyu yana koyarwa a jami'ar Colorado ya koma Harvard a 1958, inda manyan fannin suke, ciki har da Gordon Allport wanda ake ɗauka uban nazarin hali a Amurka. To a nan ne Najeriya ta shigo labarin, kuma gaskiya ni wannan ɓangaren ya fi burge ni domin mutane da yawa ba su san shi ba. A 1961 shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps, shirin tura matasan Amurka aikin sa-kai a ƙasashen waje, kuma cikin rukunin farko akwai waɗanda aka horar a Harvard domin su zo Najeriya su koyar a makarantun sakandare. Aka sa Mischel cikin masu tantance su, a gano wa zai iya aikin wa ba zai iya ba. Aka yi abin da aka saba, intabiyu, ƙwararru suna lura da su, kwamiti ya zauna ya haɗa ra'ayi a kan kowane mutum, gefe guda kuma aka ba matasan fom suka cike da kansu suna bayyana yadda suke ganin kansu. Da suka iso Najeriya suka yi aiki aka samu rahoton yadda kowa ya yi, sai aka ga hasashen ƙwararrun da ya ci lokaci da kuɗi bai taɓuka abin kirki ba, abin da matasan suka faɗa da bakinsu a takarda ma ya fi shi kusa da gaskiya. Ya buga sakamakon a 1965. Ka yi tunanin matashin malami da aka koya masa cewa ƙwararre yana iya leƙa cikin mutum ya karanto shi, sai ga alƙaluma sun ce masa a'a. Wannan abu bai bar shi ya huta ba.

Ya koma Stanford a 1962, ya zauna can har 1983, kuma a nan ne ya zauna ya tattara binciken da aka yi shekara da shekaru ya yi musu tambaya guda: idan mun auna halin mutum da gwaji, ko mun ga abin da ya yi a wuri ɗaya, yaya ƙarfin hasashenmu yake a kan abin da zai yi a wani wurin? Masana suna da ma'aunin alaƙa tsakanin abu biyu, daga 0 wato babu wata alaƙa sam, zuwa 1 wato in ka san wannan ka san wancan gaba ɗaya. Abin da Mischel ya tarar shi ne lambar ba ta cika wuce 0.30 ba. In ka ninka ta da kanta yadda aka saba yi a lokacin sai ta ba ka kashi 9 cikin ɗari, wato wai halin da aka auna kashi 9 kacal yake bayyanawa na bambancin abin da mutane suke aikatawa. Ya kuma tono wani tsohon bincike na Hartshorne da May na 1928, waɗanda suka ba dubban ƴan makaranta damar yin maguɗi ko ƙarya ko ɗaukar abin da ba nasu ba a wurare daban daban ba tare da sun san ana lura ba, suka ga yaron da ya yi satar amsa a aji ba lallai ne ya yi maguɗi a filin wasa ba, wanda ya yi ƙarya a nan kuma sai ka ga ya mayar da kuɗin da aka bari a can.

Ai kuwa sai rigima ta tashi. Masana ɓangaren zamantakewa, waɗanda dama cewa suke yanayi ne ke juya mutum, suka ɗauki littafin kamar tuta, wasu har suka zarce inda shi bai je ba suna cewa hali ƙirƙira ce kawai ta mai kallo. Masana hali kuwa suka ji kamar ɗan gida ne ya buɗe wa abokan hamayya ƙofa. Shekarun 1970 sun yi wa fannin tsauri ƙwarai.

Amma fa martanin da aka mayar masa ba na wasa ba ne, kuma adalci shi ne a faɗe shi da ƙarfinsa. Seymour Epstein ya nuna a 1979 cewa kuskure ne ka auna mutum da aiki guda a rana guda, ɗalibi ya makara yau wannan bai gaya maka komai ba, amma in ka tara zuwansa na makonni sai ka ga wasu kullum su ne a gaba wasu kullum a baya, lambar sai ta haura sosai. David Funder da Daniel Ozer kuma a 1983 suka ɗauko shahararrun gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su a kan ƙarfin yanayi, har da na Milgram a kan biyayya ga mai ba da umarni, suka mayar da su kan ma'auni ɗaya sai ga su su ma tsakanin 0.30 da 0.40, to in 0.30 ƙarama ce ga hali ai ƙarama ce ga yanayi ma. Wasu kuma suka nuna cewa ninka lambar da kanta yana ƙasƙantar da ita a ido, domin da alaƙar 0.30 kana iya cankar daidai a kan mutum 65 cikin 100 maimakon 50 na shaci-faɗi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗaukar ma'aikata ko likita. A shekarun 1980 tsarin da ya tattara halayen ɗan Adam cikin manyan rukunoni biyar, na su Lewis Goldberg da Paul Costa da Robert McCrae, ya dawo wa fannin da martabarsa, har yau ma shi ne aka fi amfani da shi. A ganina a wannan gaɓar masu sukar sun fi shi gaskiya, hali yana nan, ana iya auna shi, yana kuma hasashen abubuwa in an tara su da yawa.

Sai dai amsar da Mischel ya bayar ita ce ta sa nake ganin girmansa. Ya ce to na ji, in kun tara kun raba za ku samu matsakaici, amma abin da kuka share a matsayin hayaniya ai shi ne mutumin. Ya koma jami'ar Columbia a 1983, kuma tare da ɗalibinsa Yuichi Shoda da Jack Wright suka yi aiki a wani sansanin hutun bazara mai suna Wediko a jihar New Hampshire, inda ake kai yara masu matsalar ɗabi'a. Makonni shida ana lura da yaran ana rubutawa, amma ba kawai "ya yi faɗa" ko "bai yi ba", ana rubuta abin da ya faru kafin nan: ɗan uwansa ne ya tsokane shi, ko ya zo masa da fara'a, babba ne ya yaba masa, ko ya gargaɗe shi, ko ya hukunta shi. Sai wani abu ya fito fili. Yara biyu da jimillar faɗansu ɗaya ce, a takarda duk "masu faɗa" ne, amma ɗayan in babba ya tsawata masa yake harzuƙa alhali tsokanar yara ba ta damunsa, ɗayan kuma lafiya lau yake da manya amma da zarar sa'ansa ya taɓa shi shikenan. Kuma wannan tsarin na kowane yaro yana nan daram, in ka raba kwanakin gida biyu ka duba za ka same shi a duka biyun. A 1995 shi da Shoda suka fitar da wannan a matsayin cikakkiyar nazariyya, cewa halin mutum yana cikin "idan kaza ya faru, to kaza zai yi". Dan Allah duk malamin makaranta ko uwa da ke karanta wannan su duba bambancin, yaron da aka ce masa mai taurin kai an gama da shi babu abin yi, amma yaron da aka gane cewa in an kunyata shi gaban mutane ne yake bijirewa ai an samu bakin zaren.

Yanzu ga abin da ya sa duniya ta san sunansa, wanda kuma shi ne ya fi jawo masa rashin fahimta. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970 a makarantar rainon yara ta Bing da ke cikin Stanford, shi da ɗalibansa irin su Ebbe Ebbesen sun riƙa zaunar da yaro ɗan shekara 4 ko kusa da haka a ɗaki shi kaɗai, a gabansa ga abin daɗi, wani lokaci biskit wani lokaci wata farar alewa mai laushi da ake kira mashmalo, ga ƙararrawa. A ce masa zan fita, in ka jira na dawo da kaina za ka samu biyu, in kuma ka gaji ka kaɗa ƙararrawa zan dawo amma ɗaya za ka samu. Jiran yana kaiwa kamar minti 15. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba a shirya gwajin don a raba yara masu haƙuri da marasa haƙuri ba, an shirya shi ne don a gano me ke sa jira ya yi sauƙi ko ya yi wuya. Da farko ma zatonsu shi ne ganin alewar zai ƙarfafa yaro ya jira, sai suka tarar akasin haka ne, in tana gabansa a buɗe jiran gajere ne, in an rufe ta sai ya daɗe. In an ce ya yi tunanin wani abu mai daɗi na daban ya daɗe. In an ce ya riƙa tunanin zaƙinta da laushinta nan da nan zai kaɗa ƙararrawa, in kuma an ce ya ɗauke ta kamar gajimare ko kamar hoto ne kawai ba ta gaske ba sai ka ga yaro ya zauna. Wato dabara ce, ana koyonta, kuma da sauya kalma biyu uku ana sauya sakamakon. Shi kansa Mischel ya sha ba da labarin cewa ya yi shekaru yana shan sigari kwali uku a rana ya kasa bari, sai ranar da ya ga wani mai cutar kansar huhu a asibitin Stanford an yi masa alamomi a jiki inda za a haska masa magani, daga nan duk lokacin da sha'awar ta taso sai ya kawo hoton mutumin a ransa, da haka ya daina.

Maganar hasashen gaba daga baya ta shigo, kusan ba da shiri ba. Ƴaƴansa mata uku a Bing suka yi, yana tambayarsu labarin abokan ajinsu yayin da suke girma sai ya fara ganin kamar akwai wani abu. Aka bi sawun yaran, a 1988 da 1990 aka buga cewa waɗanda suka fi jira sun fi samun yabon iyaye wajen natsuwa da jure damuwa, kuma makinsu ya fi a jarrabawar shiga jami'a ta SAT. Amma yaran da aka samu makin nasu ba su kai ɗari ba, kusan duk ƴaƴan malamai da ɗaliban Stanford ne, kuma alaƙar ta fito ne kawai a yanayin da aka bar alewar a buɗe ba a ba yaro wata dabara ba. Masu binciken sun yi gargaɗi a kan haka a rubuce. Duniya ba ta saurara ba, labarin ya yi daɗin faɗa, masu laccar ƙarfafa gwiwa da masu bidiyo suka mayar da shi cewa tun yaro yana shekara 4 an san wa zai yi arziki. Wallahi abin yana min ciwo, domin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da liƙa wa mutane tambari shi ne aka ɗauki aikinsa ana liƙa wa yara tambari, kuma yaran talakawa su ne abin ya fi faɗawa a kai. Ba zan wanke shi tas ba, littafinsa na 2014 a kan gwajin da yawan hirarrakin da ya yi sun ƙara wa labarin amo, duk da cewa a cikinsu ya nanata cewa ba ƙaddara gwajin yake aunawa ba.

Binciken da ya biyo baya ya koma ne kan abin da ya gani tun a Trinidad. A jami'ar Rochester, Celeste Kidd da abokan aikinta sun buga a 2013 cewa in mai gwajin ya fara yi wa yaro alkawarin kayan zane ya cika, yaran sun jira kimanin minti 12, in kuma ya saɓa sai kimanin minti 3. A Kamaru, Bettina Lamm da tawagarta sun gwada ƴaƴan manoman Nso na yankin arewa maso yamma da fanke, suka kwatanta da yaran Jamus, kusan kashi 70 na yaran Nso sun jira minti 10 cif, na Jamus ba su kai kashi 30 ba, wanda ke nuna tarbiyya da abin da al'umma take so daga yaro suna da babban tasiri. Sai a 2018 Tyler Watts da Greg Duncan da Haonan Quan suka duba yara sama da 900 daga gidaje iri iri, suka samu alaƙar jira da ƙoƙarin makaranta a shekara 15 kusan rabin yadda aka ce ne tun farko, kuma da aka sa yanayin gida da ilimin uwa da basirar yaro tun farko cikin lissafi sai mafi yawanta ya zube.

Ta fuskar muƙami babu abin da bai samu ba, ya shugabanci sashensa, ya yi editan mujallar Psychological Review, an zaɓe shi cikin majalisar masana kimiyya ta ƙasar Amurka a 2004, ya shugabanci babbar ƙungiyar masu binciken fannin, ya karɓi kyautar Grawemeyer a 2011. Ya rasu a New York ranar 12 ga Satumba 2018 yana da shekara 88. A 2020 aka buga wani bincike da sunansa yake cikin marubuta, tare da Daniel Benjamin da David Laibson da wasu, inda aka koma wajen mutum 113 cikin yaran Bing ɗin nan suna cikin shekarunsu na arba'in da wani abu, aka duba dukiyarsu da iliminsu da lafiyarsu. Kafin su buɗe bayanan sai da suka rubuta abin da suke hasashe suka ajiye a bainar jama'a don kada a lanƙwasa sakamako daga baya. Mintocin da yaro ya jira yana ɗan shekara 4 ba su hasashi waɗannan abubuwa ba, abin da ya ɗan nuna alaƙa shi ne ma'aunin kamun kai da aka tara daga shekara 17 har zuwa 37.